Taba da Mai Ciki: Hanyoyin da Take Bi Ta Kai ga Jariri, da Yadda Za Mu Toshe Su

Ga jagora

A karanta wannan darasi bayan an gama zubi, an ƙirga kuɗi, an rufe akwati. Idan lokaci ya ƙure, a raba shi zama biyu. Kada a ambaci sunan kowa, kada a nuna kowa da baki ko da ido. Abin da aka faɗa a tabarmar ƙungiya, a bar shi a tabarmar ƙungiya.

Mu da ba mu shan sigari, ina ruwanmu?

Duk inda aka ta da maganar taba a taron mata, amsar farko ita ce: “Af, mu ai ba mu shan taba, wannan zancen maza ne.” Akwai gaskiya a ciki. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2012 ya nuna cewa cikin maza 100, kimanin 10 ke amfani da taba, amma cikin mata 100 kimanin ɗaya ce kawai. Wani binciken da aka fitar a 2014, wanda ya haɗa ƙasashe 54 masu tasowa, ya gano cewa cikin masu ciki 100 kusan uku ne ke amfani da taba, kuma a Afirka aka fi samun ƙarancinsu.

Sai dai wannan lissafi bai kama kowa ba. Da farko akwai kunya: mace ba ta cika faɗa wa baƙo mai takarda da biro cewa tana sa gari a leɓe ba. Wata ma ba ta ɗauke shi taba ba, a wurinta maganin haƙori ne. Na biyu, lissafin bai ƙirga matar da ba ta taɓa kai taba bakinta ba, amma tana kwana ɗaki ɗaya da mai sha. Irin waɗannan matan sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma akwai su a kowace unguwa, daga Birnin Kebbi har Argungu da ƙauyukan da ke tsakani.

Don haka maganar tamu ce. Abin da ya shiga jinin uwa, ya shiga jinin abin da ke cikinta, ko ita ta sha, ko wani ya sha ta shaƙa.

Hanyoyi huɗu da taba ke shiga jikin mai ciki

*Ta leɓe.* Garin taba da ake dakawa da kanwa, a ɗiba a sa tsakanin leɓe da dasashi. Da yawa sun koye shi a wurin kaka ko gwaggo, saboda ciwon haƙori, ko tashin zuciya, ko yawan miyau na masu ciki. Kanwar da ake haɗawa ba don ɗanɗano kawai ba ce, tana sa gubar taba ta fi saurin ratsa fatar baki ta shiga jini. A nan ne kuma fure ya shigo, wato furen taba da ake goga wa haƙora tare da goro don su yi ja. Fure bai kai ganye ƙarfi ba, amma tsiro ɗaya ya fitar da su, kuma shi ma yana ɗauke da gubar.

*Ta hanci.* Garin da ake shaƙa don a yi atishawa, wai ya buɗe kai ko ya kori mura. Fatar cikin hanci siririya ce, cike da ƙananan jijiyoyin jini, saboda haka abin da aka shaƙa ba ya jimawa ya kai ga jini.

*Ta hayaƙi.* Wannan ya haɗa da sigari, da tukunyar taba ta tsofaffi, da shisha da ta shigo birane, wadda wasu ’yan mata da amare ke ɗauka abin ƙwalisa ce saboda ƙamshinta. Ruwan da ke cikin tulun shisha yana sanyaya hayaƙin, ba ya wanke shi. Ga gawayin da ake ɗora mata, shi ma yana ƙara tasa gubar. Amma babbar hanyar da hayaƙi ke samun matan karkara ita ce ta mai gida, ko ƙanen miji, ko baƙon da ya kunna a zaure. Abin ya fi muni da hunturu, lokacin da ake rufe ƙofa da taga a toshe kowace kafa saboda sanyi. Hayaƙin yana kwana a ɗaki, ya kama katifa, da gidan sauro, da zanen goyo. Ko da an kashe tabar, warin da kike ji da safe shaida ce cewa ba ta fita ba.

*Ta fata.* Wannan ta shafi gidajen da ake noma taba a fadama ko ake dakan gari don sayarwa. Ɗanyen ganyen taba, musamman mai raɓa, yana sakin gubarsa ta ratsa fatar hannu. Shi ya sa mai tsinkarsa kan ji jiri, da ciwon kai, da amai. Mai dakan gari kuma ƙurarsa take shaƙa tun daga farko har ta sauke taɓarya. Mai ciki ta bar wa wani waɗannan ayyuka.

Me taba ke yi idan ta shiga?

Jaririn da ke ciki ba ya ci da bakinsa, ba ya numfashi da hancinsa. Abincinsa da iskarsa duka daga jinin uwa suke zuwa, su bi ta mabiyiya, su bi ta igiyar cibiya, su kai gare shi.

Ku tuna gonar shinkafar rani. Ruwa na ƙasa, inji na ja, tiyo na kaiwa cikin fangali. Idan wani ya taka tiyo da ƙafa, ruwa ba zai tsaya gaba ɗaya ba, amma zai ragu. Shinkafa ba za ta mutu ranar ba. Sai dai ranar girbi za a ga bambanci: zangarniya gajera, ƙwaya ba nauyi.

Haka gubar da ake kira nikotin take yi. Ita ce ke cikin kowace irin taba, ta sha, ta leɓe da ta hanci, kuma ita ce ke sa mutum ya kasa bari. Tana matse jijiyoyin jini, har da waɗanda ke kai jini ga mahaifa. Jini ya ragu, abincin jariri ya ragu. Tana kuma ƙetare mabiyiya ta shiga jikin jaririn kansa, ta sa zuciyarsa bugawa da sauri, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa da huhunsa tun suna haɗuwa.

Idan taba ta hayaƙi ce, akwai guba ta biyu, ana ce mata kabon monoksaid. Kun san ta ko ba ku san sunanta ba: ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi. Idan ta shiga jini, sai ta zauna a mazaunin iska mai kyau ta hana ta wuri, domin ta fi ta kama jini sau fiye da 200. Uwa tana iya jin ɗan ciwon kai kawai, amma jaririn da ya dogara da ita, numfashinsa ne ya ragu.

Waɗannan biyu su ne manya, amma ba su kaɗai ba ne. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna kawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su sha, hayaƙin wasu suka shaƙa.

Abin da kan biyo baya

Ba kowace mai amfani da taba ce ke gamuwa da waɗannan ba, kuma ba duk wadda ta gamu da su ce taba ta jawo mata ba. Rai da ajali na Allah ne. Amma likitoci sun tabbatar taba na ƙara haɗarin:

- ɓari, da ciki a wajen mahaifa;
- fashewar faya kafin lokaci, da haihuwar bakwaini;
- haihuwar jariri mara nauyi, wato wanda bai kai kilo 2 da rabi ba;
- rabuwar mabiyiya da mahaifa tun jariri bai fito ba, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa. Duka biyun suna kawo zubar jini mai iya tafiya da uwa da ɗa;
- mutuwar jariri a ciki;
- haihuwar jariri da tsagaggen leɓe ko ganɗa;
- mutuwar jariri farat ɗaya cikin barci, a watanninsa na farko.

Jariran masu shan sigari, idan aka auna su jimla, sukan gaza na sauran mata da kimanin giram 200. A kan sikelin mai kifi wannan ba komai ba ne. A jikin jaririn da duka-duka nauyinsa kilo uku ne, abu ne babba.

Kada mai sa gari ta ce wannan na masu sigari ne. A birnin Mumbai na ƙasar Indiya akwai mata da yawa da ke goga gasasshen garin taba a haƙora, kusan yadda ake yi a nan. Da aka bi diddigin cikinsu har haihuwa, an ga jariransu sun fi ƙanƙanta, sun fi zuwa kafin lokaci, kuma an fi samun waɗanda suka zo babu rai. Rashin hayaƙi bai sa gari ya zama lafiya ba. Ita kanta uwar, gari na cinye mata dasashi, ya kaɗa haƙora, yana kuma kawo ciwon dajin baki.

Bayan haihuwa ma hanyar ba ta rufe ba. Nikotin na fita a ruwan nono. Yaron da ke tashi cikin hayaƙi ya fi yawan tari, da ciwon haƙarƙari, da asma, da ciwon kunne. Duk da haka, mai jego kada ta yaye ɗanta saboda wannan. Nono ya fi masa komai, tabar za a bari.

Mu a kwarin Rima, kaya ne a kan kaya

Albarkar ruwa da ta ba mu shinkafa da kifi, ita ce kuma ta ba mu sauro. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, da wanda aka sake a 2021, Jihar Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan zazzaɓin cizon sauro a jikin ƙananan yara: kusan rabin waɗanda aka gwada an same shi a jininsu. Saurayen da ke cizon yara su ke cizon iyayensu. Zazzaɓin cizon sauro a jikin mai ciki yana shanye jini, yana lalata mabiyiya, yana rage nauyin jariri.

Ga kuma hayaƙin aiki. Mai turara shinkafa tana yini a bakin murhu. Mai bandar kifi tana tsaye a kan hayaƙi. Kowace mace tana hura wuta safe da yamma. Wannan hayaƙin itace shi ma yana ɗauke da irin gubar da muka ambata.

To ku duba: ƙarancin jini, zazzaɓi, hayaƙin murhu, sannan a ɗora taba. Jakin da aka yi wa lodi har ya durƙusa, ba a ƙara masa ko dami ɗaya. Sauro da murhu sai a hankali za a rage su, da gidan sauro, da magani, da girki a sarari inda iska ke kaɗawa. Taba kuwa ita ce kayan da za a iya saukewa yau, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Maganganun da ake yi, da amsarsu

*“Kakata ta sa gari har ta tsufa, ta haifi goma.”* Allah ya jiƙan magabata. Amma a tambayi tsofaffi, cikin goman nawa suka rayu, kuma ɓari nawa aka yi tsakani? A da ba a auna jariri, ba a rubuta dalilin mutuwarsa. Wadda ta ƙetare kogi da damina ta tsira, ba ta zama hujjar cewa kogin ba ya cin mutum ba.

*“Ƙaramin yaro ya fi sauƙin haihuwa.”* Doguwar naƙuda tana da dalilanta: ƙugun da bai buɗe ba, kwanciyar jariri ba daidai ba, ko rashin ƙarfin uwa. Awo ne ke gano waɗannan tun da wuri. Jaririn da ya fito ƙanƙane kuwa wahalarsa a gaba take: ba ya riƙe ɗumin jiki, ba ya kama nono da ƙarfi, ciwo kaɗan ya kwantar da shi. Sauƙin awa ɗaya, jinyar wata da watanni.

*“Gari ne kawai ke kwantar min da haƙori.”* Gari na kashe zafin na ɗan lokaci, ramin haƙorin yana nan yana ƙara zurfi. Ciki kan sa dasashi ya kumbura ya yi jini, wannan sananne ne. Ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, ki yi asuwaki safe da dare, ki faɗa wa malamar asibiti ranar awo. Akwai maganin zafi da ya dace da mai ciki, ita za ta gaya miki wanne da kuma nawa. Ana duba haƙorin mai ciki a asibiti, ba sai ta haihu ba.

*“In ban sa ba, amai da miyau ba su barina.”* Laulayi yakan lafa da kansa bayan wata uku zuwa huɗu. Kafin nan, ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ki bar ciki wayam, ki ɗan ci wani abu busasshe kafin ki tashi daga shimfiɗa. Citta na taimakawa, a shayi ko a kunu. Idan amai ya hana ki riƙe ko ruwa, wannan na asibiti ne.

*“Ai yana buɗe taga in zai sha.”* Buɗe taga ko kunna fanka ba ya fitar da gubar, yana dai watsa ta. Babu wani ɗan hayaƙin da aka ce wannan ba ya cutarwa. Maganin ɗaya ne: a sha a waje, nesa da ɗaki.

Ga wadda ke son bari

Wadda taba ta kama ba mutuniyar banza ba ce. Nikotin ce ta saba wa jikinta, kuma sabo ake cirewa. Ga albishir: wadda ta bari a cikin wata ukun farko, haɗarin bakwaini da ƙaramin jariri yakan sauko kusan daidai da na wadda ba ta taɓa sha ba. Wadda cikinta ya tsufa ma ba ta makara ba, domin a watannin ƙarshe ne jariri ya fi yin nauyi. Mai shan hayaƙi, kwana ɗaya da bari gubar nan ta gawayi za ta fita daga jininta.

1. Ki sa rana, kada ta wuce mako guda daga yau. Ki faɗa wa mace ɗaya da kika amince da ita.
2. Daren ranar, ki zubar da abin da ya rage, har da ɗan gwangwanin ko ƙullin da kike ajiya a ciki. Ragewa ba ta kai bari ba, gara a yanke gaba ɗaya.
3. Ki san lokutan da kika saba: bayan cin abinci, da hantsi in an gama aiki, ko in rai ya ɓaci. Ki tanadi abin da za ki sa a baki a lokacin: asuwaki, dabino, aya, gyaɗa, ’yar citta. Kada ki maye gurbinta da goro mai yawa, shi ma ba a son mai ciki ta cika shi.
4. Idan sha’awar ta taso, ki sha ruwa, ki tashi ki kama wani aiki, ko ki leƙa maƙwabta. Takan wuce cikin ’yan mintoci.
5. Kwana uku zuwa mako na farko su ne masu wuya: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. Alama ce jiki na warwarewa. Cikin mako biyu zuwa huɗu abin zai yi sauƙi.
6. Idan kin koma, kada ki ce shi ke nan. Yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Ki sake sa rana.
7. Kada ki sayi wani maganin barin taba a kemis ko wurin mai tallar magani. Ki tambayi ma’aikaciyar lafiya tukuna.

Yadda za a yi wa mai gida magana

Wannan ita ce gaɓa mai wuya. Ba a yin ta gaban mutane, ba a yin ta lokacin da taba ke hannunsa, ba a yin ta da gori. A bari ya ci abinci ya huta. Mata biyu su tashi su gwada wannan a gaban ƙungiya, ɗaya ta zama mai gida:

Matar: Sannu da hutawa, Malam. In ba ka gaji ba, ina da ’yar magana.

Mai gida: Ina jin ki. Lafiya dai?

Matar: Lafiya lau. Yau da munka je awo, malamar asibiti ta ce hayaƙin taba na shiga jinina, ya kai ga abin da ke cikina. Ta ce yana sa a haifi yaro ƙanƙane, ko bakwaini.

Mai gida: Haba! Ni ka sha, ke mi ya same ki?

Matar: Haka ni ma na ce mata. Sai ta ce ɗaki ɗaya muke kwana, iska ɗaya muke shaƙa.

Mai gida: To yanzu mi kike so in yi? Kin san abin ga ya kama ni.

Matar: Ban ce ka bari yau ba, wannan Allah ya ba ka iko. Roƙona, in za ka sha, ka fita can gindin darbejiya.

Mai gida: Da sanyin ga?

Matar: Ɗanka ne, Malam. Ni ajiya anka ba ni.

Mai gida: To, na ji. Allah ya raba lafiya.

Ba kowane gida ne maganar za ta tafi haka ba. Amarya mai cikin fari, kunya ba za ta bar ta ta ambaci cikin ba ma. A nan sai a bi ta hannun uwar miji, ko yayarsa, ko wani babba da yake jin nauyi. Wata hanyar ita ce ya raka ki awo ya ji daga bakin ma’aikaciya. Idan kin san maganar za ta jawo miki duka ko wulaƙanci, kada ki yi ta ke kaɗai, ki faɗa wa shugabar ƙungiya a nemi wanda zai shiga. Kafin nan, in ya kunna, ki ɗauki yara ki fita tsakar gida kamar wani aiki ya kira ki.

Azumi babbar dama ce. Wanda ya iya haƙura daga asuba har faɗuwar rana kwana 30, ya riga ya yi rabin tafiya.

Doka ma tana bayanku. Dokar taƙaita taba ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta hana shan taba a asibiti, da makaranta, da motar haya. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Idan wani ya kunna a motar Argungu zuwa Birnin Kebbi, kina da haƙƙin ki ce wa direba ya yi masa magana.

Mu yi lissafi, tunda aikinmu ne

A ce gida na kashe naira 200 kullum a kan taba. Ku canza adadin ya dace da farashin garinku.

- A mako: naira 1,400.
- A wata: naira 6,000.
- A wata tara na ciki: naira 54,000.
- A shekara: naira 73,000.

Idan hannu ɗaya a ƙungiyarku naira 500 ne, kuɗin tabar mako guda ya kusa hannu uku. Ku ɗauki duwatsu ko ƙwayar wake ku jera a tabarma, kowa ta gani da idonta. Sannan ku tambayi juna: naira 54,000 me za ta yi wa mai ciki? Kuɗin mota zuwa awo, kifi da wake da ganye a tukunya, kayan haihuwa, da abin ajiyewa saboda daren da naƙuda za ta zo da gardama. Wannan bai haɗa da kuɗin jinyar bakwaini ba, wanda kan cinye rabon shekara ɗungurungum, har a ci bashi a kai.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Irin wannan ƙungiya ta akwati ta faro ne a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar a 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Dubarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ciwon ’ya mace na ’ya mace ne. Ga shawarwari, ku tattauna ku zaɓi waɗanda za ku sa a dokokinku:

1. Ba taba kowace iri a wurin taro.
2. Kowace mai ciki a haɗa ta da ’yar rakiya daga cikinmu, wadda za ta tuna mata ranar awo, ta leƙa ta idan tana ƙoƙarin barin gari.
3. Asusun taimako ya riƙa ba da kuɗin mota zuwa awo da haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma’aikaciyar lafiya aƙalla sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce wata uku. A can ake ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi. Ki gaya wa ma’aikaciya gaskiya idan kina sa gari ko ana shan taba a ɗakinki, ko ba ta tambaya ba.
4. Kada mu aiki yaranmu sayen taba, kada mu ɗora musu tallarta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
5. ’Yar uwar da ke sayar da sigari ko gari, kada a kunyata ta, abincinta take nema. A ba ta fifiko wurin rance ta juya jarin zuwa shinkafa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, albasa ko kifi.
6. A gayyato ungozoma, da ma’aikaciyar asibitin da ya fi kusa, su zauna da mu zama ɗaya. A roƙi mai unguwa da liman su ja hankalin maza a majalisarsu. Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da taba ta duniya, ana iya sa taron a ranar.

Alamomin da ba a jira da su

Ko da taba ko babu, mai ciki ta tafi asibiti nan take idan ta ga jini, ko faya ta fashe kafin lokaci, ko ciwon ciki mai tsanani wanda ba ya saki, ko motsin jariri ya ragu ko ya tsaya, ko ciwon kai da dishi-dishin gani da kumburin fuska, ko jijjiga, ko zazzaɓi mai zafi. A fara da asibitin da ya fi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Sir Yahaya, ko Asibitin Tarayya da ke Birnin Kebbi. Ku san mai mota ko ɗan kabu-kabun da za a kira da dare tun kafin ranar ta zo.

Tambayoyin tattaunawa

1. Cikin hanyoyi huɗun nan, wacce ta fi yawa a garinmu?
2. Me ke sa mace ta fara sa gari, kuma me za mu ba ta a madadinsa?
3. A gidan da amarya ba za ta iya magana ba, wa ya fi dacewa ya yi wa mijin magana?
4. Wace doka ɗaya za mu ɗauka yau, mu rubuta a littafin ƙungiya?

Kafin zama na gaba, kowace ta kai wannan bayani ga mace ɗaya da ba ta cikin ƙungiya: kishiya, ƙanwa, suruka ko maƙwabciya. Ranar zubi sai mu ji yadda aka yi. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da muka haifa.